Abin da ke hana ƙofar mota buɗuwa ko rufuwa a lokacin ƙanƙara

A ƙasashen da sanyin hunturu kan kai ga daskarar da ruwa, irin su Rasha da Kanada da Jamus da arewacin Amurka, ba ƙin tashin inji ne kaɗai ke makarar da direba da safe ba. Sau da yawa tun daga bakin ƙofar motar ake tsayawa.

Wani ya sa makulli ya ƙi shiga. Wani makullin ya murɗa lafiya amma ƙofar ta ƙi motsi. Wani kuma, wanda shi ne ya fi shiga haɗari, ƙofar ta buɗe masa, ya shiga ya zauna, ya ja ta don ya rufe sai ta yi ta dawowa.

Waɗannan matsaloli ne daban-daban duk da cewa ƙanƙara ce ummul'aba'isinsu, kuma kowace da wurin da take aukuwa a jikin ƙofar. Yawancin ɓarnar da ake yi wa motoci a irin wannan safiya, ta karya mariƙi ko yaga roba ko fasa gilashi, tana faruwa ne saboda mai motar ya sa ƙarfi tun bai gano inda ƙanƙarar ta kama ba.

Ta ina ruwa ke shiga?

Ƙofar mota ba tulu ba ce da ake toshewa ruf. Masu ƙera motoci sun san ruwan sama zai bi jikin gilashi ya gangara cikinta, ya wuce siririyar robar da ke goge gilashin, shi ya sa suke barin 'yan ƙananan kafofi a ƙasan ƙofar domin ya tsiyaye.

A kan hanyarsa ta sauka, ruwan yana ratsa wayoyi da sandunan ƙarfen da suka haɗa mariƙin ƙofa da sakata. Idan an yi ruwa ko an wanke mota da yamma, sannan cikin dare sanyi ya sauka ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, duk ɗigon da ya maƙale a nan zai daskare. Ruwa kuwa idan ya zama ƙanƙara yana kumbura da kimanin kashi 9 cikin 100, don haka ban da manne ƙarafan da yake yi, har matse su yake yi a inda suke.

Wannan ne ya sa tsananin sanyi shi kaɗai ba shi ne ya fi kawo matsalar ba. A birnin Yakutsk na yankin Saiberiya, inda a watan Janairu sanyi kan wuce digiri 40 ƙasa da sifili, iskar a bushe take, kuma abin da ya fi damun masu motoci shi ne giris da mai su yi kauri, robobi su yi tauri har su riƙa karyewa. Ƙofofi sun fi daskarewa a wuraren da ake narkewa da rana a sake daskarewa da dare, kamar Birtaniya da yammacin Jamus da gabashin Amurka.

Mafi muni shi ne ruwan saman da ke daskarewa da zarar ya taɓa abu. Yana faruwa ne idan iskar sama tana da ɗumi, ta kusa da ƙasa kuma ta yi sanyi ƙasa da sifili, sai ruwan ya sauko yana ruwa amma ya zama gilashin ƙanƙara a jikin duk abin da ya faɗa wa. A farkon watan Janairun 1998 irin wannan ruwa ya yi kwanaki yana zuba a lardunan Quebec da Ontario na Kanada, ya karya turakun lantarki ya jefa miliyoyin mutane cikin duhu. A ƙarshen Disambar 2010 ma ya auka wa birnin Mosko har ya tsayar da harkoki a filin jirgin saman Domodedovo. A irin wannan yanayi motar ce baki ɗaya take shiga cikin ɓawon ƙanƙara, kuma sai an fasa shi kafin a kai ga ƙofar.

Idan roba ce ta manne

Wannan ita ce ta fi yawa, kuma ita ce mafi sauƙin ganewa. Makulli ya murɗa, ko an danna rimot an ji ƙarar buɗewa, mariƙi ya ɗagu yadda ya saba, amma ƙofar tana nan kamar an like ta. Abin da ya faru shi ne danshin da ke tsakanin robar da ta kewaye ƙofar da jikin motar ya daskare.

Abin da hannu ke fara yi shi ne fizgar mariƙi. Sai dai mariƙan motocin zamani galibi na roba ne mai tauri, sanyi kuma yana ƙara musu saurin karyewa. Ko da mariƙin ya jure, robar ƙofar na iya yagewa, wani ɓangare ya bi ƙofa wani ya tsaya a jikin mota, daga nan kuma ruwa da iska sun sami hanya.

Dabarar ita ce a tura maimakon a ja. Direba ya sa tafin hannu ko kafaɗa ya danna ƙofar ciki, yana bin gefunanta daga sama zuwa ƙasa. Robar tana da laushi, idan aka matsa ta takan lotsa, ƙanƙarar da ke kanta kuwa ba ta lanƙwasuwa, sai ta tsattsage. Bayan nan a ja mariƙin a hankali. Idan akwai ƙanƙara a tsagar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, a kankare ta da makankarin roba irin wanda ake share gilashi da shi. Wuƙa ko sukundireba za su ɗaye fenti, inda fenti ya ɗaye kuma nan tsatsa take farawa.

Kafin duk wannan ma yana da kyau a zagaya motar. Ba kasafai ƙofofi huɗu ke daskarewa daidai da juna ba, domin gefen da iska ta buso ruwa shi ya fi jiƙa, gefen da rana ta fara haskawa kuma shi ke fara saki. Wanda ya samu shiga ta wata ƙofa zai iya tayar da inji ya kunna hita, cikin 'yan mintoci ɗumin ya saki sauran.

Akwai abin lura ga mai niyyar shiga ta but. Motoci da dama, musamman ƙirar Turai, suna da kulle mai ninki biyu wanda ke kashe mariƙan ciki idan an kulle motar daga waje, domin kada ɓarawo ya fasa gilashi ya zura hannu. Idan ba a cire wannan kulle da rimot ko makulli ba, mutum zai iya rarrafawa ya shiga ya tarar ba ya iya buɗe ko ƙofa ɗaya daga ciki.

Idan kafar makulli ce

A cikin kafar makulli akwai jerin 'yan ƙananan ƙarafa, kowanne a kan ɗan sifirin ɗinsa, waɗanda haƙoran makullin ke jerawa daidai kafin ya murɗa. Ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya sandarar da su. Makullin da aka murɗa da ƙarfi a wannan hali yana iya lanƙwashewa ko ya karye a ciki, abin da zai mai da aikin minti biyar ya zama na kiran mai gyaran makullai.

Ana sayar da wani ruwan narkar da ƙanƙara a 'yan ƙananan kwalabe masu tsinin baki a gidajen mai da kantunan ƙasashen sanyi. Jigonsa sinadarin alkohol ne, irin wanda ake goge fata da shi a asibiti kafin a yi allura, wanda ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 89 ƙasa da sifili. Idan ya gauraya da ƙanƙara sai ta narke. Wanda ba shi da shi zai iya shafa man tsabtace hannu a jikin makullin, tunda shi ma yawancinsa alkohol ne, ya riƙa sawa yana zarewa a hankali har ya shige.

Shawarar da ƙungiyoyin masu motoci a Jamus ke maimaitawa kowace shekara ita ce a ajiye kwalbar a aljihun riga. Da yawa sukan saya su jefa a aljihun gaban mota, ranar da buƙatarta ta taso sai su tsaya suna hangen ta ta gilashi.

Tsohuwar dabara ita ce a gasa makulli da ashana ko laita sannan a zura. Tana aiki ga makullin ƙarfe zalla. Amma tun daga 1998, lokacin da Jamus da Birtaniya suka wajabta sa na'urar hana sata a sababbin motoci, galibin makullai suna ɗauke da wani ɗan ƙaramin guntun lantarki a cikin kan robarsu, wanda inji ke tantancewa kafin ya tashi. Idan wuta ta lalata shi, ƙofa za ta buɗe amma mota ba za ta tashi ba. Ɗumama makullin a tafin hannu ko a cikin aljihu ya fi aminci, ko da zai ɗauki lokaci.

Hura iskar baki a kafar makulli kuwa ƙara mata danshi ne, wanda zai daskare nan take. A tsananin sanyi leɓe ko jiƙaƙƙen yatsa na iya mannewa a jikin ƙarfe.

Wani abin da ke rikita masu motocin zamani shi ne rimot ɗin ya ƙi aiki, su ɗauka ƙanƙara ce, alhali ɗan batirin da ke cikinsa ne sanyi ya raunana, ko kuma batirin motar ne kansa ya mutu cikin dare. Kusan kowane rimot yana da siririn makullin ƙarfe a ɓoye a cikinsa, kafar da ake sa shi kuma takan kasance a ƙarƙashin wani ɗan murfi a jikin mariƙin ƙofar direba. Matsalar ita ce kafar da aka shekara biyar ba a taɓa ba takan cushe da datti da tsatsa, sai a ranar da aka matsu a tarar ta ƙi. Don haka makanikai ke ba da shawarar a riƙa murɗa ta lokaci-lokaci.

Ƙofar da ta buɗe ta ƙi rufuwa

A nan ne lamarin ya wuce ɓacin rai ya zama batun rai.

A gefen kowace ƙofa akwai sakata mai wata ƙugiya da ke juyawa. Idan an rufe ƙofa, ƙugiyar takan cafki wani lanƙwasasshen ƙarfe da ke jikin ginshiƙin motar, sannan wani ɗan harshen ƙarfe, wanda sifirin ke turawa, ya faɗa ya tokare ta don kada ta koma. Jan mariƙi yana ɗage harshen ne, ƙugiya ta saki. Da zarar an saki mariƙi, sifirin ya mai da harshen mazauninsa.

Hannun mutum yana da ƙarfin da zai ɗage harshen ko da akwai ƙanƙara, amma ɗan sifirin ɗin ba shi da ƙarfin mai da shi. Haka nan idan ruwa ya daskare a cikin kuben wayar da ta taso daga mariƙi, wayar takan tsaya a jaye. Sakamakon shi ne ƙofa ta buɗe, amma duk bugun da za a yi mata ba abin da zai riƙe ƙugiyar. Alamar da ake gani ita ce mariƙin ya yi sako-sako ko ya ƙi komawa wurinsa.

Buga ƙofar da ƙarfi ba ya gyara komai, sai ma ya lanƙwasa wani abu. Abin yi shi ne a fara tura mariƙin waje da na ciki su koma daidai, a fesa ruwan narkar da ƙanƙara a bakin sakatar, sannan a ba hita lokaci, ana riƙe da ƙofar a rufe motar kuma tana tsaye. Za a iya gwada sakatar da sukundireba: a tura ƙugiyar da shi kamar yadda ƙarfen ginshiƙi zai tura ta. Idan lafiya take za a ji ta yi ƙas sau biyu ta tsaya. Sai a ja mariƙi a dawo da ita a buɗe kafin a rufe ƙofar, domin ƙugiyar da aka bari a rufe ita ma tana sa ƙofa ta yi ta dawowa.

Wannan ƙas sau biyu ba a banza yake ba. Ƙa'idar kiyaye haɗura ta Amurka mai lamba 206, wadda ta fara aiki a 1968, ta tanadi cewa sakatar ƙofar gefe ta kasance da matakin kamu biyu, na farko da na cikakken rufi, ta yadda idan ɗaya ya kuɓuce ɗayan zai tare. Turai ma tana da irin wannan ƙa'ida. Ƙanƙara na iya sa ƙofa ta tsaya a matakin farko kawai, ko ma robar da ta daskare ta riƙe ta ta yi kama da rufaffiya alhali ba abin da ya kama. Da motar ta yi ɗumi ko ta sha kwana sai ta wangale.

Ba tsofaffin motoci kaɗai abin ke samu ba. A watan Oktoban 2017 kamfanin Ford ya yi kiran a mayar da motocin a-kori-kura kimanin miliyan 1.3 a Arewacin Amurka, samfurin F-150 na 2015 zuwa 2017 da Super Duty na 2017, saboda sakatar da ke iya daskarewa ko wayar da ke iya lanƙwashewa, har ƙofa ta ƙi buɗuwa ko ta ƙi rufuwa, ko ta yi kamar ta rufu. Gyaran da aka yi shi ne sanya wata kariya da ke hana ruwa zuba a kan sakatar.

Akwai direbobin da kan ɗaure ƙofar da igiya ko bel, ko su riƙe ta da hannu ɗaya suna tuƙi da ɗaya a kan titi mai santsi. Jiran minti goma sha biyar ya fi wannan arha nesa ba kusa ba, balle idan akwai yara a kujerar baya.

Ruwan zafi da barin inji a kunne

Butar ruwan zafi ita ce abin da baƙo a ƙasar sanyi ya fi saurin tunawa. Tafasasshen ruwa yana narkar da ƙanƙara nan take, amma gilashin da ya kwana cikin sanyi idan zafi ya dake shi farat ɗaya yana iya tsagewa, musamman na gaba idan da ma yana da ɗan tabo. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Bugu da ƙari, ruwan da aka zuba zai gangara cikin ƙofar ya kwanta a kan sakata da wayoyin lantarki, gobe da safe matsalar ta ninka. Idan ba makawa, a yi amfani da ruwa mai ɗumi-ɗumi a gefen robar kawai, a kuma goge shi tas da tsumma da zarar ƙofar ta buɗe. Gishiri ma yana narkar da ƙanƙara, amma ba a kusantar da shi ga makulli saboda tsatsa.

Gilashin ƙofa da ya daskare ba a matsa masa da maɓalli. Ɗan injin da ke sauke shi zai ci gaba da ja, abin da zai karye kuwa shi ne maƙalan da ke riƙe da gilashin a ciki. Wannan ya fi shafar motocin da gilashinsu ba shi da firam, waɗanda sai gilashin ya ɗan sauka kafin ƙofa ta buɗe ko ta rufe. Masu motocin Tesla Model 3 sun koka da wannan, da kuma mariƙan da ke shafe a jikin ƙofa, a lokacin tsananin sanyin da ya auka wa tsakiyar Amurka a ƙarshen Janairun 2019. Motocin da ake iya kunna wa hita daga nesa ta wayar salula sun rage wa masu su wannan wahala.

Shi ma ɗumama mota yana da dokokinsa. A Birtaniya doka ta hana barin mota a kan titi inji yana aiki babu kowa a ciki, ɓarayi kuma sun san safiyar ƙanƙara sarai, kamfanonin inshora kuwa kan ƙi biyan wanda ya bar makulli a jiki. A Jamus ana cin tarar wanda ya bar inji yana aiki ba gaira ba dalili. Abin da ya fi waɗannan muhimmanci shi ne a duba bakin salansa. Idan dusar ƙanƙara ta toshe shi, hayaƙi mai guba wanda ba shi da launi ko wari zai taru a cikin motar. A Janairun 2022 sama da mutum 20 sun rasu a cikin motocinsu a garin Murree na Pakistan bayan dusar ƙanƙara ta rutsa da su, kuma an danganta mutuwar da dama daga cikinsu da shaƙar wannan hayaƙi. Saboda wannan dalili ba a ɗumama mota a rufaffen gareji.

Shirin da ake yi kafin hunturu

Aikin ba shi da yawa, kuma a watan Oktoba ko Nuwamba ake yin sa. A wanke robobin ƙofa, a bar su su bushe, a shafe su da man silikon ko gilisarin domin ruwa ya daina kwanciya a kansu. Jamusawa sun daɗe suna amfani da wani sandan kitsen barewa da ake sayarwa don wannan aiki. Man da aka samo daga fetur, har da basilin da baƙin mai, bai dace ba, domin irin robar da ake yin waɗannan da ita tana kumbura ta yi laushi idan ta daɗe tana shan sa.

Kafar makulli tana son garin girafayit ko man da aka yi musamman dominta, amma ba a haɗa biyun, don suna cakuɗewa su zama taɓo. Man feshin nan WD-40, wanda aka ƙirƙiro a birnin San Diego a 1953, an yi shi ne don korar ruwa daga jikin ƙarfe, kuma yana da amfani a ranar da sakata ta jiƙa. Sai dai ba ya daɗewa, yana kuma wanke giris ɗin da ya tarar, don haka bayan an fesa shi sai an bi da farin giris mara kauri wanda sanyi ba ya sandarar da shi. Kafofin ƙasan ƙofa kuma a zokale su da ɗan tsinke idan laka ko ganye sun toshe su. Wanda ya wanke mota a tsakiyar hunturu ya goge robobi da bakin sakata kafin ya ajiye ta.

Ɗalibai da ma'aikata 'yan Najeriya da Nijar da Ghana da ke zaune a waɗannan ƙasashe sukan gamu da matsalar a hunturunsu na farko. A gida kuwa sanyin hunturu a Kano ko Damagaram ba ya kai wa ga daskarar da ƙofa, amma tasirin ƙanƙarar yana isowa ta wata hanya. Motocin da ake kira Beljiyam, waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano da Legas, da yawansu sun yi shekaru a kan titunan da ake barbaɗa wa gishiri duk hunturu. Ruwan gishirin ya riga ya shiga cikin ƙofofinsu ya ci sifirin da wayoyi, sannan ƙurar hunturu ta zo ta haɗu da tsohon giris. Mai sayen irin wannan mota zai iya buɗe kowace ƙofa ya leƙa ƙasanta da bakin sakatarta don ganin tsatsa, ya kuma rufe ta a hankali ya saurari ko za ta yi ƙas sau biyu.